Yanka da ɗinkin da ke kare jiki, shi ne kuma ƙofar kansar Burkitt

A shekarar 1958 wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago na birnin Kampala a Uganda, ya wallafa bayanin wani ciwo da ke kumbura muƙamuƙin ƙananan yara cikin 'yan makonni. Da ya bi diddigi, sai ya ga ciwon ya fi yawa a yankunan Afirka masu zafi da ruwan sama, ya kuma yi ƙaranci a kan tsaunuka masu sanyi. Taswirarsa kusan ɗaya ce da ta zazzaɓin cizon sauro, kuma Najeriya na ciki.

Wannan ciwo, da yanzu ake kira da sunan Burkitt, kansa ce ta ƙwayoyin garkuwar jiki, waɗanda ke taruwa a kaluluwa da saifa da ɓargo. Tushensa kuwa yana cikin wata dabara da jiki ke kare kansa da ita.

Yadda jiki ke ɗinka makamansa

Ƙwayoyin gadon ɗan Adam kimanin 20,000 ne, amma jiki na iya ƙera sinadaran kariya iri-iri har biliyoyi. Masanin Japan Susumu Tonegawa ne ya warware wannan ɗaurin kai a 1976, aka ba shi kyautar Nobel a 1987.

Ya gano cewa kowace ƙwayar garkuwa nau'in B, tun tana ƙarama, takan yanka zaren gadonta ta sake ɗinke shi, kamar tela da ke haɗa riga da ƙyallaye. A kan kuromosom na 14, ƙwayar kan zaɓi yanki ɗaya daga cikin kimanin 40, wani daga cikin 20 da 'yan kai, wani kuma daga cikin 6, ta haɗe su. Don haka kowace ƙwaya da irin ɗinkinta.

Inda allura ke kaucewa

Idan ƙwayar ta haɗu da cuta, wani sinadari da ake kira AID yakan sake taɓa zaren domin makamin ya ƙara kaifi. A nan ne kuskure kan auku. Wani lokaci yanki ya ɓalle daga kuromosom na 8, ɗauke da ƙwayar gado mai suna MYC wadda ke ba da umarnin hayayyafa, ya manne a kuromosom na 14, kusa da wurin ƙera sinadaran kariya da ba ya hutawa. Daga nan umarnin hayayyafa ba ya tsayawa.

Ana samun wannan musanya a kimanin kashi 80 cikin 100 na masu ciwon Burkitt. A yawancin sauran, MYC kan haɗe ne da kuromosom na 2 ko na 22. Shi ya sa ƙarin kan ninka ƙwayoyinsa cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Me ya haɗa shi da sauro? Zazzaɓin da ke yawan dawo wa yaro yana tilasta ƙwayoyin B su yi ta hayayyafa, AID ya yi ta aiki, damar kuskure ta ƙaru. Sai kuma ƙwayar cutar Epstein-Barr, da aka gano a 1964 a cikin ƙarin Burkitt, wadda ke taimaka wa ƙwayar da ta lalace ta kauce wa mutuwa. Kusan duk yaran Afirka masu wannan ciwo ana samun ta a cikin ƙarinsu. Amma mafi yawan mutanen duniya na ɗauke da ita ba tare da sun taɓa yin kansa ba.

Shaidar da likitoci ke nema

Ɗinkin nan yakan bar tambari. Idan kaluluwa ta kumbura saboda ƙurji ko wata cuta, ƙwayoyin cikinta ɗinkinsu barkatai ne. Idan kuwa kansa ce, duk daga ƙwaya ɗaya suka fito, ɗinkinsu iri ɗaya. Da gwajin PCR a kan ɗan naman da aka ciro, ana iya bambance su, a kuma bibiyi ko ciwon ya saura bayan magani.

Saurin girman ciwon Burkitt shi ne kuma lagonsa, domin magungunan kansa sun fi kama ƙwayoyin da ke hayayyafa. A ƙasashe masu arziki, kimanin yara 9 cikin 10 na warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtuka shida da ta fi mayar da hankali a kai a shirinta na 2018, mai burin ganin aƙalla kashi 60 cikin 100 na yara masu kansa sun rayu nan da 2030.

Iyaye kan ɗauki kumburin a matsayin hangum ko ciwon haƙori. Idan muƙamuƙi, gefen ido ko cikin yaro na girma kullum, ko haƙoransa suka fara girgiɗi ba dalili, a garzaya da shi babban asibiti a wannan makon. Da irin wannan ciwo, jinkirin mako biyu ba ƙarami ba ne.