Raba Babban Faifan Ajiya a Tsohuwar Kwamfuta

Gabatarwa

A shekarar 1983 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda. A shekarar ce kuma kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutar PC/XT, wadda faifan ajiyarta bai wuce megabayit 10 ba. Duk ofis ko makarantar da ta gaji kwamfutar wancan zamani tana fuskantar matsala guda, wato faifan asali ya tsufa, an daina ƙera irinsa, wanda ake samu a kasuwa kuwa ya ninka shi sau dubbai. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin da ke hana tsohuwar kwamfuta ganin babban faifai, da kuma yadda ake raba shi domin ta iya aiki da shi.

Iyakar Ƙidaya

Kwamfuta tana yanka faifai ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana kiransa sakta, yana ɗaukar bayit 512. Kowace sakta tana da lambarta, kuma inda ƙidayar kwamfuta ta tsaya, nan ganinta ya tsaya. Manhajar MS-DOS ta farko ba ta ƙirga fiye da sakta 65,536 a kaso guda, watau megabayit 32 ke nan. Fitowa ta 3.3 a 1987 ta ba da damar yin kaso da yawa, kowanne da wannan iyaka, sai fitowa ta 4.0 a 1988 ta ɗage ta. Duk da haka tsarin FAT16 bai wuce gigabayit 2 a kaso guda ba, har FAT32 ya zo a 1996.

Bugu da ƙari, akwai BIOS, manhajar da ke tayar da na'ura. A yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 1994, idan ta haɗu da faifan IDE, lissafinta yakan tsaya a silinda 1,024 da kan karatu 16 da sakta 63. In aka ninka waɗannan da 512, za a sami megabayit 504. Abin da ya haura haka, a wurinta babu shi.

Matakan Rabawa

Da farko a kwafe duk abin da ke cikin tsohon faifai zuwa wani wuri, domin rabawa takan ɓatar da abin da ta tarar. Na biyu, a shigar da adadin silinda da kai da sakta cikin BIOS. In faifan ya fi ƙarfinta, sai a ba ta iyakar da ta sani a haƙura da saura, ko a sa manhaja irin Ontrack Disk Manager ta yi musu tafinta. Na uku, a kira FDISK a yanke kaso na farko, mai harafin C, a shaida shi a matsayin wanda na'ura za ta tashi da shi. Ragowar sai a mayar da shi faɗaɗɗen kaso, a tsattsaga shi D da E, kamar yadda manomin Zurmi ke shata iyakar gona da gamba. A ƙarshe a shirya kowanne da FORMAT.

Amfanin Ƙaramin Kaso

Ko da na'ura za ta iya ɗaukar gigabayit 2, ba kullum ne cika kaso ke da riba ba. DOS tana raba wuri dami-dami ne, kuma a irin wannan kaso dami guda kilobayit 32 ne. Takarda mai layi biyu za ta cinye dami sukutum, tamkar ɗan kasuwar Shinkafi ya ware buhu guda don mudun gero ɗaya. A kaso mai megabayit 500 kuwa, dami kilobayit 8 ne kawai. Daɗin daɗawa, in manhaja tana C, takardu suna D, ana iya sabunta manhajar ba tare da an taɓa takardun ba.

Kammalawa

A taƙaice, gwargwadon ƙidayar na'ura ake yanka faifai, daidai ruwa daidai tsaki. Wanda ya san iyakar kwamfutarsa, ya kuma kwafe bayanansa kafin ya kira FDISK, shi ne zai tsirar da sakamakon ɗalibai da takardun ofis na shekara da shekaru.