Ƙullutun Wuyan Hannu: A Bari, A Zuƙe, Ko A Yi Aiki?

Shirinmu na yau yana kan ƙullutun nan da kan fito a bayan wuyan hannu, ba faɗuwa ba bugewa. Ya fi samun mata, musamman 'yan shekara 20 zuwa 40. Ba daji ba ne. Wata 'yar jaka ce da ke tsirowa daga gaɓa, cike da ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Idan likita ya kashe fitila ya ɗora masa tocila, sai ka ga haske ya ratsa shi.

To, yaya za a yi da shi?

Wani likitan zai duba ya ce ka je gida ka bar shi. Kada ka ce rowar magani ya yi maka. Kusan rabin irin wannan ƙullutu da kansa yake ɓacewa, ko da zai ɗauki watanni ko shekaru. In dai ba ya ciwo, ba ya hana ki wanki ko tuƙa tuwo, a ganina haƙurin ya fi.

Akwai kuma zuƙewa da sirinji. Minti kaɗan an gama, ka sa hularka ka tafi. Sai dai ruwan kawai aka cire, jakar tana nan, kuma 'yar hanyar da ta haɗa ta da gaɓa a buɗe take. Shi ya sa fiye da rabi sukan dawo. In kuma ta cikin hannu ya fito, kusa da jijiyar da ake jin bugun jini, likitoci ba su cika son kai allura wurin ba.

Tiyata ita ce mai bin jakar har gindinta a cire, don haka dawowarsa ta fi wuya, amma ba a rantsewa. Kuma da wahalarta: ɗinki, tabo, makonni hannu yana hutu, wani ma gaɓar ta ɗan sandare. Tela ko makaniki sai ya yi wannan lissafin tukuna. An fi ajiye ta don mai ciwo, ko wanda ƙullutun ya danne masa jijiya har yatsu suna mutuwa.

A da, Turawa da ƙaton littafi suke maka masa ya fashe. An daina, don ana iya karya ƙashi. Mu ma nan, a bar kai shi wurin wanzami: tsaga kusa da gaɓa tana iya shigar da ƙwayoyin cuta ciki, a wayi gari ana jinyar hannu gaba ɗaya.

Ƙullutun da ya yi tauri kuwa, ko yake girma da sauri, ko ya wuce santimita 5, wannan ba na jira ba ne. A kai shi asibiti a yi hoto tun kafin a fara zancen zuƙewa.