Yadda Za Ka Haɗa Na'urar Wasa Wuƙa A Gida, Wayarka Ta Zama Ma'auninka

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar dabbobi ta Achida da ke ƙaramar hukumar Wurno, ko ya leƙa rumfunan mahauta a Goronyo da Rabah, ya san wuƙa ba ƙaramar abokiyar sana'a ba ce a wannan yanki. Mahauci da ita yake ci. Manomin albasa da tafarnuwa a fadamar Rima, wadda madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a 1984 ke shayarwa, da ita yake datse ganye lokacin girbi. Idan Babbar Sallah ta zo kuwa, kowane gida sai ya lalubo tasa.

Matsalar ita ce yawancin wuƙaƙen nan ba aiki ke cinye su ba, wasawa ce. Ko dai a goga su a kan dutse ko siminti yadda hannu ya ga dama, ko a kai wa mai walda ya ɗora musu injin gurza ƙarfe. A wannan maƙala za mu ga yadda za ka haɗa 'yar na'ura da katako da rodi wadda ke wasa wuƙa ba tare da lantarki ba, sannan ka yi amfani da wayar da ke hannunka wajen daidaita ta.

Me ke sa wuƙa ta yi kaifi?

Bakin wuƙa gefe biyu ne da suka gangaro suka haɗu a layi ɗaya. Idan sun haɗu tsaf, wuƙa ta yi kaifi. Idan mahaɗar ta zama mulmulalliya, ta dakushe. To, wasawa ba komai ba ce illa cinye ƙarfen gefunan biyu har su sake haɗuwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne karkatar da ake yi wa wuƙa a kan dutse. Hannun mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya. A gugar farko ya karkata digiri 18, a ta biyu 25, a ta uku 15. Maimakon gefe ya fito a miƙe sai ya yi doro, ka yi ta guga ƙarfe na ƙarewa kaifi bai zo ba. Wanzamai da tsofaffin mahauta sun shafe shekaru kafin hannunsu ya zauna. Aikin wannan na'ura shi ne ta riƙe maka karkata guda ɗaya tun daga gugar farko har ta ƙarshe.

Shi kuwa injin mai walda, illarsa zafi ce. Maƙeri yakan tsoma ƙarfe mai zafi cikin ruwa ko mai domin ya yi tauri. Idan injin ya zafafa bakin wuƙa, wannan taurin yana tafiya. Ƙarfe kan fara yin ruwan ɗorawa a wajen digiri 220 na ma'aunin zafi, ya koma shuɗi a wajen digiri 300. Da zarar ka ga shuɗi a bakin wuƙarka, wurin ya yi laushi, kuma ko ta yi kaifi a ranar ba za ta riƙe shi ba.

Kamfanoni irin su Lansky da Edge Pro a Amurka sun daɗe suna sayar da na'urori masu riƙe karkata, kamfanin Tormek na ƙasar Suwidin kuma yana yin dutse mai juyawa cikin ruwa don maganin zafi. Kayan suna da kyau, amma da dala ake sayen su. Dabarar da ke cikinsu kuwa ba ta fi ƙarfin kafinta da mai walda na unguwarku ba.

Kayan da za ka tanada

Faffaɗan katako mai kauri, tsawon santimita 40 da faɗin santimita 15. Shi ne gindin na'urar.

Guntun katako mai tudun santimita 5, wanda wuƙa za ta kwanta a kai.

Dogon ƙarfe mai zare, kaurin milimita 10 da tsawon santimita 30, tare da noti huɗu da wosha.

Rodi mai santsi kuma miƙaƙƙe, kaurin milimita 6 ko 8, tsawon santimita 60.

Siririn katako mai tsawon santimita 18 da faɗin santimita 3, da gilashin taga da aka yanka daidai da shi.

Baƙar samfefa wadda ba ta jin ruwa, irin ta masu fentin mota. Lambarta na rubuce a bayanta. Ka nemi 220 da 400 da 800 ko 1000. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi.

Maganaɗisu daga tsohuwar lasifika, da gam, da alƙalamin maka, da guntuwar fata.

Katako da rodi ba sa wuya a garuruwan nan. Samfefa mai manyan lambobi ce wataƙila sai an yi maka saƙonta daga shagunan kayan fenti a Sakkwato.

Yadda ake haɗawa

Da farko ka kafa guntun katakon nan a gaban gindin, ka fafe samansa kaɗan ka binne maganaɗisu da gam yadda ba zai yi tudu ba. Shi zai riƙe ruwan wuƙa a kwance. Idan maganaɗisun ba shi da ƙarfi, ka ƙara ɗan falle na katako da noti ya danne bayan wuƙar. Kaifin wuƙa yana fuskantarka, ya ɗan zarce bakin katakon da kamar santimita ɗaya.

Na biyu, ka huda gindin ta baya ka tsayar da ƙarfe mai zare, noti ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, ka ɗaure tamau. Ka auna yadda tsakanin wannan ƙarfe da kaifin wuƙa zai zama santimita 25.

Na uku, ka samu ƙaramin katako ka yi masa huda biyu: ɗaya ta tsaye da zai shiga ƙarfe mai zare, ɗaya ta kwance a gefenta da rodi zai riƙa zirga-zirga a ciki. Ka ɗan faɗaɗa bakin ta kwancen don rodi ya samu damar sunkuyawa. Sauran noti biyun su ne za su riƙe wannan katako, ɗaya a ƙarƙashi ɗaya a bisa. Kada ka matse shi har ya kasa juyawa hagu da dama. Idan ka murɗa notin ya hau, karkata ta ƙaru. Idan ya sauka, ta ragu.

Na huɗu, ka liƙa gilashi a ƙarƙashin siririn katakon, ka ɗaure katakon a ƙarshen rodi, ka kafa masa mariƙi a sama. A kan gilashin za ka riƙa liƙa samfefa. Dalilin sa gilashi shi ne fuskarsa a miƙe take, ba kamar katako ba da ke lanƙwasa idan ya sha ruwa. Ka goge gefunan gilashin da samfefa kada ya yanke ka.

Inda waya ta shigo

Karkata nawa ake so? Wuƙar yanka albasa da kayan miya, digiri 15 zuwa 17 a kowane gefe. Wuƙar nama da ta aikin yau da kullum, digiri 20. Wadda ke haɗuwa da ƙashi, digiri 25. Ƙaramar karkata ta fi kaifi amma ta fi saurin dakushewa, musamman idan ƙarfen mai laushi ne. Wuƙar maƙera ta gida, 20 zuwa 25 ya fi dacewa da ita.

Lissafin irin wanda aka koya mana ne a sakandare. Ka buɗe kalkuletan wayarka, ka shiga ɓangaren da ke da maɓallin tan, ka tabbata yana kan DEG ba RAD ba. Ka ninka nisan nan na santimita 25 da tan na karkatar da kake so. Abin da ya fito shi ne tudun da hudar rodi za ta yi sama da kaifin wuƙa. Digiri 15 zai ba ka santimita 6.7, digiri 20 ya ba ka 9.1, digiri 25 kuma 11.7.

Wannan lissafi somin-taɓi ne, domin kaurin katako da gilashi na sauya shi. Saboda haka sai a tabbatar da waya. A cikin kusan kowace wayar zamani akwai 'yar na'urar da ke jin karkata, ita ce ke juya maka allo idan ka kwantar da waya kana kallon bidiyo. Masu iPhone suna da ma'aunin a cikin manhajar Measure. Masu Android, kamar Tecno da Infinix da Samsung, su nemi Clinometer ko Bubble Level a Play Store. Yawancin irin waɗannan manhajoji ba sa buƙatar data bayan an sauke su. Idan ka ga wata na neman izinin shiga lambobin wayarka ko hotunanka, ka goge ta ka nemi wata, domin auna karkata bai da alaƙa da su.

Ka fara ɗora wayar a kan katakon da wuƙa ke kwanciya, ka mayar da ma'aunin sifili. Sannan ka sauke samfefa a bakin wuƙa, ka ɗora wayar a bayan siririn katakon, ka karanta. Ka yi ta murɗa noti har lambar da kake so ta fito. Abu biyu za ka kula da su. Kyamarar wayoyin yanzu tana da tudu, don haka ka tsayar da wayar a kan gefenta mai santsi wanda ba shi da maɓalli. Sannan lasifikar waya tana da maganaɗisu mai jan garin ƙarfe, don haka ka sa ta cikin leda, kuma da ka gama awo ka ɗauke ta daga wurin.

Wasawar kanta

Ka shafa maka a bakin wuƙa daga ƙota har tsini. Ka jiƙa samfefa mai lamba 220, ka ja sau uku ko huɗu, ka duba. Idan tawadar ta goge har bakin kaifi, kana kan hanya. Idan ta goge daga sama ta bar baƙin layi a bakin kaifi, ka ɗaga noti kaɗan. Ka ɗauki hoton wurin da kyamara ka zuƙo shi, za ka ga abin da ido bai gani ba.

Ka riƙa jawo samfefar daga bayan wuƙa zuwa kaifinta, wato zuwa wajenka, ka ɗaga ta idan za ka mayar. Idan ka tura, kaifin zai yaga ta. Ba a dannawa da ƙarfi. Yatsunka su tsaya a kan mariƙi, kada su sauko gefe.

Ka ci gaba har sai ka ji wani ɗan kaushi ya fito a ɗaya gefen, kamar siririyar waya ta lanƙwaso. Ana jin sa idan an shafa yatsa daga bayan wuƙa zuwa baki, ba a bin tsawon kaifin. Fitowarsa daga ƙota har tsini ita ce shaidar cewa gefen ya isa mahaɗa. Sai ka juya wuƙar ka yi wa ɗaya gefen haka. Daga nan ka koma lamba 400, sannan 800 ko 1000, kana rage nauyin hannu. A ƙarshe ka ja wuƙar da baya a kan fata sau goma ko ashirin kowane gefe, kamar yadda wanzami ke yi wa aska.

Don gwaji, ka haska bakin wuƙar da fitilar waya. Kaifi na gaske ba ya ƙyalli, duk inda ya yi walƙiya to da saura. Sannan ka yanka takarda ko tumatir. Idan ta ratsa ba tare da tirjiya ba, aiki ya yi.

Abin da ba za ta iya ba

Lauje a lanƙwashe yake ta ciki, gilashi mai faɗi ba zai shiga ba. Adda da gatari kuma magagari ya fi dacewa da su. Doguwar wuƙa sai an riƙa matsar da ita kashi-kashi. A wajen tsini, inda baki ke lanƙwasa, karkata takan ɗan sauya, don haka ka riƙa ɗora kowace wuƙa a wuri ɗaya duk lokacin da za ka wasa ta. Ka rubuta karkatar kowace wuƙa a wayarka. Wasawa ta biyu ba za ta ɗauki lokaci ba, kuma ƙarfe kaɗan za ta ci.

Me ya sa abin ya cancanci wahalar?

Addini ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa domin ya sauƙaƙa wa dabba, kamar yadda ya zo a hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito. Ga kuma batun fata. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin da fatake ke ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Dakusasshiyar wuƙa na sa mai fiɗa ya yi ta dannawa, kuma huda ɗaya ta isa ta karya kuɗin fata. Haka a ɗakin girki, wuƙar da ke zamewa a kan albasa ita ce ke sauka a yatsa.

Ga matashin da ke neman abin yi, wannan sana'a ce da ba ta jiran wuta ko fetur. Ka fara da wuƙaƙen gidanku har hannunka ya faɗa. Ka ɗauki gajeren bidiyon wuƙar kafin wasawa da bayanta ka sa a WhatsApp, mahauta da masu tsire da masu sayar da abinci za su gani. Saboda halin tsaro da gabashin Sakkwato ke ciki, kada ka riƙa yawo da wuƙaƙen mutane a babur. Ka zauna a gida ko shago, mai wuƙa ya kawo ta a naɗe ya karɓe ta a naɗe, kuma ka ajiye kayan inda yara ba za su kai ba.

Idan ka haɗa taka, ka fara gwadawa da tsohuwar wuƙar da ba a damu da ita ba, a kan digiri 20.