Fulawar Amarya: Yadda Ake Ajiye Ta Ba Tare Da Rana, Laima Da Ƙwari Sun Cinye Ta Ba

A bukukuwan auren manyan birane irin su Kano, Kaduna da Abuja, da wuya yanzu ka ga amarya ta shiga zauren dina hannu rabbana. Tana riƙe da ɗaurin fulawa, wata ta roba, wata ɗanya mai ƙamshi. Da yawa daga cikin ɗanyun furannin nan jirgin sama ne ya kawo su daga gonakin gefen tafkin Naivasha a Kenya ko daga Habasha, wasu kuma daga Jos. Ana kashe musu kuɗi mai tsoka, amma kafin a gama walima sun fara langaɓewa, mako guda kuma sun isa bola. Wannan ne ya haifar da wata sabuwar sana'a, mafi yawa a hannun 'yan mata: a karɓi fulawar, a busar da ita, a jera ta cikin firam mai zurfi tare da katin gayyata da hoto, a mayar wa amarya ta rataya a falo.

Gwaggonni kan yi tsaki su ce, "Ke 'yar nan, busasshiyar ciyawa za ki rataya a ɗakin aurenki?" To amma baje kayan aure a idon baƙo su suka fara shi. Jeren ɗakin amarya a ƙasar Hausa ya faro ne daga ƙorai masu zane da faifai, ya koma tasoshin tagulla irin na Bida, ya zo kan langa da samira da ake tsarawa daga ƙasa har kusa da rufi, kafin tangaran da shogilas su karɓe wurin. Yawancin waɗannan kwanuka ba a taɓa cin tuwo a cikinsu ba. Shaida ce ta gata, kuma ajiya ce da mace za ta iya ɗagawa ta sayar idan rana ta ɓaci. Matan Faransa ma sun yi irin nasu a ƙarni na 19. Bayan biki, amarya takan ɗora kambin da ta sa a ka, wanda galibi furannin lemu ne da aka ƙera da kakin zuma, a kan wani ɗan matashin karan-miski, a kewaye shi da ƙananan madubai da ganyayen tagulla, a kife masa murfin gilashi. Da tafiya ta yi nisa sai a riƙa ƙara wasu abubuwa a ciki, kamar silin gashin jariri. Har yau ana cin karo da irin waɗannan a kasuwannin tsofaffin kaya na ƙasar.

Abin lura shi ne, matan Faransa kaki suka ajiye, iyayenmu kuma ƙarfe. Duka biyun ba sa ruɓa. Ɗanyen fure kuwa abu ne mai rai da aka yanke daga uwarsa, kuma mafi yawan nauyinsa ruwa ne. Muddin ruwan nan yana ciki, ƙwayoyin cuta da funfuna suna da wurin zama, sinadaran da ke cikin furen kansa kuma suna ci gaba da narkar da shi. Duk wata dabarar adana fure, komai tsadarta, abu ɗaya take nema: a fitar da ruwan da sauri kafin ruɓa ta riga ka, sannan a hana shi dawowa. Idan aka yi haka, aka haɗa da duhu, fure yana daɗewa fiye da yadda hankali zai ɗauka. Lokacin da Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar a 1922, an tarar da furanni da ganyen zaitun da aka kitsa, sun shafe fiye da shekara 3,000 kuma ana iya gane irinsu. Babu wani magani da aka fesa musu. Bushewar hamada da rufaffen ɗaki ne suka yi aikin.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kwance ɗaurin, a raba shi gida-gida, a rataye furannin kai ƙasa a ɗaki mai duhu da iska ke ratsawa, na mako biyu zuwa uku. Ba ta cin ko kwabo, sai dai furen yana yamushewa, launinsa ya dushe. Ta biyu ita ce danne shi tsakanin takardu masu shan ruwa a ɗora nauyi a kai, a riƙa canza takardar a kwanakin farko. Wani likita ɗan Italiya mai suna Luca Ghini ne ake danganta wa fara wannan a matsayin hanyar ilimi, a wajajen 1540, kuma da ita ce lambun Kew na Landan ya tara busassun tsirrai kimanin miliyan 7, wasu sun haura shekara 200. Masu nazarin tsirrai a jami'o'inmu ma haka suke ajiye nasu. Fure mai kauri kamar wardi ba ya dannuwa a dunƙule, domin tsakiyarsa takan ruɓe kafin ta bushe. Masu sana'ar sukan ɓare shi ganye-ganye, su danne, daga baya su sake tsara shi a kan takarda.

Wadda take son furenta ya fito da surarsa, a buɗe kamar ranar biki, sai ta nemi silika. Kowa ya san ta ko da bai san sunanta ba: ita ce 'yan duwatsun nan da ke cikin ƙaramar jakar takarda da ake samu a kwalin sabon takalmi ko cikin jakar lefe, wadda aka rubuta kada a ci. Wani farfesan kimiyyar sinadarai a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Walter Patrick, shi ya yi rajistar hanyar sarrafa ta a 1919. Kowace ƙwaya cike take da ramuka da ido ba ya gani, don haka tana iya shan ruwa da ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinta ba tare da ta jiƙe a hannu ba. Ana zuba mai laushinta a gindin roba mai murfi, a zaunar da furen yana kallon sama, a riƙa yayyafa ta da cokali a tsakanin ganyayensa har ya nutse, a rufe ruf na kimanin mako guda. A nan gwaninta take. Idan an zuba da gaggawa, nauyin zai danne ganyayen su manne da juna. Idan an bar shi ya wuce ƙa'ida, yana fitowa da rauni kamar ɓawon ƙwai, ana taɓawa ya ruguje. Ana cire shi ne a hankali, a kakkaɓe da burushin kwalliya. Silikar da ta ƙoshi da ruwa kuma ba a zubar da ita, gasa ta ake yi a tanda ta sake komawa aiki.

A Turai da Amurka akwai masu daskarar da furen su sa shi a injin da ke zuƙe iska, ƙanƙarar ta tashi ta zama tururi ba tare da ta narke ba. Da wannan dabara aka riƙa adana ruwan jini da maganin fenisilin a Yaƙin Duniya na Biyu. Tana ba da sakamako mai kyau, amma injin yana buƙatar wuta ba yankewa na makonni, don haka ba ta cika zama maganarmu ba.

Abin da ake yayi yanzu shi ne rezin, ruwan roba da ake haɗawa daga kwalba biyu, a zuba a kan busasshen fure ya daskare kamar gilashi, a yi faranti ko ma'ajiyar zobe da shi. A hoto yana da kyau ƙwarai. Ni dai ban ba da shawarar a zuba dukan fulawar aure a cikinsa ba. Yana ɗaukar zafi lokacin da yake daskarewa, har yakan ƙona farin fure. Idan da sauran ɗan danshi a furen, zai ruɓe a ciki kina kallo. Da shekaru suka tafi yana komawa ruwan ɗorawa, musamman inda rana ke taɓa shi. Babban aibinsa kuma shi ne babu gyara: abin da ya shiga ya shiga ke nan. Firam kuwa ana iya buɗe shi a share, a canza abin da ya lalace.

Ya kamata amarya ta san tun farko cewa launi ba zai zauna yadda yake ba, kada ta je ta yi wa mai sana'a faɗa a banza. Ja da shunayya na fure daga sinadarin antosayanin suke, wanda shi ne yake ba zoɓo launinsa. Idan ruwa ya fita yakan tattaru, sai jan wardi ya koma kusan baƙi. Farin fure shi ya fi ba da wahala, domin duk inda aka murza shi iska takan shiga ya yi ja-ja, kamar yadda farin goro yake yi idan an gutsire shi aka ajiye. Amaren kuma fari suka fi so. Ruwan hoda da ruwan ɗorawa da ruwan lemu sun fi fitowa da kyau.

Bayan an gama busarwa ne ainihin matsalar take farawa, domin ajiya duhu take so, ado kuma haske. Hasken rana yana karya sinadaran launi a hankali, ɓarnar tana taruwa, kuma ba ta komawa. Shi ya sa gidajen tarihi suke rage fitila sosai a ɗakunan da suke baje tsofaffin tufafi da takardu, har baƙo ya ɗauka rowar wuta ake yi. Bangon da ke fuskantar taga shi ne mafi munin wuri ga firam ɗin fulawa, kuma abin haushi, shi ne wanda ake fara zaɓa.

Sai laima. Busasshen fure yana shan danshin iska ya sake yin laushi, kuma da zarar danshin ya wuce kashi 65 cikin 100 funfuna ta samu ƙofa. A nan yanayinmu yana da fuska biyu. A tsakiyar hunturu danshin iskar Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuwa yakan haura 70. Amaryar Disamba ta yi sa'a, fulawarta tana bushewa kusan da kanta, ƙura kawai za a kare. Amaryar damina kuwa rataya ba za ta yi mata ba, sai silika. Haka nan idan aka rufe firam a ranar da aka kwana ana ruwa, an kulle laimar ce a ciki. Gara a jira rana mai bushewa, a ɓoye 'yar jakar silika a bayan allon firam ɗin, a like gefuna. A nisanta shi daga bangon da ya haɗu da banɗaki, da kuma inda ake ajiye kaskon turaren wuta, domin hayaƙin yana da maiƙo, yana shiga ta kowace kafa.

Gara da kyankyaso da asu duk suna cin busasshen fure da takarda da gam. Al'adarmu ita ce a jefa kafur. A yi hattara da shi: likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa tururinsa yana iya fasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai ya jawo musu shawara mai tsanani, kuma ɗakin amarya ba ya daɗewa bai ga jariri ba. Firam da aka like da kyau ya fi kafur tsaro.

Gidan sarautar Ingila wata hanya ya bi: maimakon busarwa, dasawa ya yi. A 1845 aka ba Sarauniya Victoria wani ɗan ɗaurin fure a Jamus, aka dasa reshen wani tsiro mai ƙamshi daga cikinsa a gidanta na Osborne. 'Yarta ta riƙe reshensa a bikinta a 1858, kuma har bikin Yarima William da Catherine a 2011 daga wannan lambu aka tsinko. Wardin da ya sha hanya daga Kenya da wuya ya kama idan an dasa, amma lalle yana kamawa daga reshe, yana kuma jure zafinmu.

A gaskiya ma fulawa ba ita ce ta fi shan wahala a hannunmu ba. Takardar shaidar aure ana kai ta a yi mata laminatin, alhali zafi da gam ɗin suna shiga jikin takardar ba sa fita, wasu ofisoshin kuma ba sa karɓar takardar asali da aka like haka. Katin gayyata ana manna shi da salatif, bayan 'yan shekaru ya bar tabo ruwan ƙasa. Fil da ƙusar sitefula suna tsatsa a jikin takarda. Hoto idan ya kwanta a jikin gilashi yakan manne da shi a damina, a zo ɗagawa fuskar ango ta biyo gilashin. Mayafin kamu da leshin ɗaurin aure kuma ana ninke su da gumi da humra da hoda a jikinsu a cusa cikin leda, tabon da ba a gani yau ya bayyana bayan shekara biyar. A wanke su tukuna, a naɗe cikin farin ƙyallen auduga, a riƙa sauya wurin ninkin lokaci-lokaci. Takarda mai muhimmanci kuwa kwafinta ake sa wa a firam, ta asalin ta kwanta a fayil cikin akwati.

Ke da bikinki ke tafe, ki sani kwana biyun farko su ne komai, kuma a cikinsu ba za ki samu kanki ba. Tun kafin ranar ki damƙa aikin a hannun ƙawa ɗaya: da an tashi daga dina ta yanke gindin furannin, ta tsoma su a ruwa a wuri mai sanyi nesa da ayaba da mangwaro, domin iskar da nunannun 'ya'yan itace ke fitarwa tana saurin tsufar da fure, washegari ta kai su inda za a busar. Kafin ki biya mai sana'a, ki ce ta nuna miki aikin da ta yi shekara biyu da suka wuce, ba na makon jiya ba.