'Land for sell': Tagwayen kalmomin Turanci da ke kayar da ɗalibai da masu neman aiki

Wanda ya zaga sabbin unguwannin da ke gefen Kano, Kaduna ko Gusau, da wuya ya dawo bai ci karo da katangar da aka rubuta wa "Land for sell" ko "This house is not for sell" da jan fenti ba. Kalmar da ake nufi ita ce "sale", domin "sell" aikatau ne, ba suna ba. Amma mai gidan ya san abin da yake nufi, masu wucewa sun gane, 'yan damfarar da ake gargaɗi su ma saƙon ya kai musu. A jikin katanga, kuskuren ba ya cin kowa ko kwabo.

Lissafin yana canzawa ne idan irin wannan kuskure ya sauka daga katanga ya hau takarda: takardar neman aiki, takardar jarrabawa, yarjejeniyar bashi ko katin asibiti. A nan harafi guda yakan raba mutum da abin da ya daɗe yana nema, kuma sau da yawa ba wanda zai kira shi ya gaya masa dalili.

Masu tace takardun neman aiki sun saba da su. Akwai mai rubuta "martial status" a maimakon "marital status", ya mayar da maganar aure ta koma ta soja, domin "martial" ita ce ke cikin "court martial", wato kotun soja. Akwai mai fara takardar tarihin karatunsa da "carrier objective", alhali "carrier" abin dakon kaya ne, "career" ce sana'ar da mutum ya sa a gaba. Wani ya nemi aikin koyarwa ya aika wasiƙarsa ga "The Principle", wadda ke nufin aƙida ko ƙa'ida, shugaban makaranta kuwa "Principal" ne. Wani kuma ya rufe da "Yours fatefully", ya ɗauko ƙaddara ya ajiye a gurbin amana.

Abin da ya sa waɗannan suka fi kuskuren rubutu na yau da kullum haɗari shi ne kwamfuta ba ta cika ganin su ba. Idan aka rubuta kalmar da babu ita a ƙamus, jan layi zai fito a ƙarƙashinta. Amma "martial" da "carrier" da "principle" duk kalmomi ne na gaskiya, an rubuta su daidai, wurin zama kawai suka ɓata. Mai shagon buga takardu kuwa abin da aka miƙa masa yake bugawa, ga layin mutane na jiran sa.

Rabin maki, rabin maki

Tun daga sakandare ake fara biyan kuɗin wannan ruɗani. Ba a shiga jami'a a Najeriya sai da kiredit biyar, kuma Turanci na cikin waɗanda ba a yafewa. A jarrabawar WAEC, insha'i na da maki 50, goma daga ciki an ware su ne ga ƙa'idojin rubutu, inda ake zare rabin maki a kan kowane kuskure. Ɗalibin da ya rubuta "there" a gurbin "their", "loose" a gurbin "lose", "quite" a gurbin "quiet" da "been" a gurbin "being", yana iya ƙarar da makin nan goma kafin ya kai ƙarshen shafi na biyu, ko da hujjojinsa sun fi na kowa ƙarfi a ajin.

Sannan ga takarda ta uku, wadda ake kira "Test of Orals", mai tambayoyi 60 a kan sautuka da inda ake danna murya a cikin kalma. Jarrabawar furuci ce da ake yi da fensir, ɗalibi bai buɗe baki ba, bai kuma saurari kowa ba. Wanda bai taɓa jin bambancin "cot" da "caught" a bakin malaminsa ba, canki-canka kawai zai yi. A JAMB ma Turanci wajibi ne a kan kowa, kuma shi ke da tambayoyi 60, sauran darussa uku 40 kowanne.

Kunne ne ke kai hannu

Yawancin waɗannan kurakurai ba daga jahilci suke tasowa ba. Mutum yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, kunne kuwa harshen uwa ne ya horar da shi.

Hausa ba ta raba "p" da "f" a matsayin baƙaƙe biyu masu canza ma'ana. Shi ya sa kalmomin aro suka shigo a matsayin fensir, famfo, fasinja, fasfo da firamare. Babu "v" kuma, don haka aka samu direba, biza da talabijin. Da wannan kunnen ne yaro zai shiga aji ya tarar cewa "pan" da "fan" abu biyu ne, "pool" tafki ne amma "fool" zagi ne, "vote" ƙuri'a ce, "boat" jirgin ruwa.

Sautin "th" shi ma baƙo ne. Bahaushe yakan karkatar da shi zuwa "s" ko "z", sai "think" ta koma "sink", "breathe" ta koma "breeze". A kudancin ƙasar nan kuwa an fi mayar da shi "t" ko "d", daga nan ne "three" ke haɗewa da "tree", "faith" da "fate", "other" da "order". Farfesa Munzali Jibril ya yi nazarin irin wannan bambanci na furucin Turanci tsakanin al'ummomin Najeriya a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982. Yaron da ya tashi a Sabon Gari ko Tudun Wada, malamansa daga sassa daban-daban, yakan gaji kurakuran ɓangarorin biyu a lokaci guda.

Wasula sun fi wahala. Hausa na da biyar, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye irin na "ai" da "au". Turancin Ingila na da sautukan wasali kusan 20. Kalmomin "hat", "heart", "hut" da "hurt" huɗu ne a kunnen Bature: hula, zuciya, bukka da ciwo. A bakin mutane da yawa a nan, kusan sauti ɗaya ne. Har ila yau, a Hausa dogon wasali ba ya zama a gaɓar da ta ƙare da baƙi, wannan ne ke sa "leave" ta gajarce ta zama "live", "seat" ta zama "sit".

Babu al'ummar da ta tsira. Balarabe na fama da "p" da "b", mutumin Japan da "l" da "r". Turawan da aka haifa cikin harshen su ma suna ta dambe da "your" da "you're", "its" da "it's", domin da kunne suka fara koyonsu kafin su san harafi. Mai yi wa Bahaushe dariya saboda "fifty" ta zama "pipty" ya gwada raba "kafa" da "ƙafa", ko "daga" da "ɗaga", ko ya faɗi wane "gari" ake nufi, na zama ko na tuwo.

Turancin ma da nasa laifin

Haruffa 26 Turanci ke da su, amma sautukansa sun kai 44. Ba wani kwamiti ne ya zauna ya tsara rubutunsa ba, tarihi ne ya yi ta jibga masa kaya. Bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka, kalmomi suka kwararo da irin nasu rubutun. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, rubutu ya fara daskarewa a takarda, a daidai lokacin da furucin dogayen wasula ke sauyawa a bakin jama'a. Baki ya yi gaba, takarda ta tsaya. Shi ya sa "meet" da "meat", waɗanda a da ake furta su daban, yau suke sauti ɗaya, kuma "k" ɗin "knight" da a da ake furtawa ya zama kurma, kalmar ta haɗe da "night".

Wasu tagwayen ma 'yan ɗaki ɗaya ne. "Flour" da "flower" asalinsu kalma guda ce, gari shi ne furen alkama, wato mafi kyawun ɓangarenta. "Stationery", kayan rubutu, ta samo asali ne daga mai sayar da littattafai da ke da shago tsayayye ba talla yake yawo ba, don haka 'yar'uwar "stationary" ce, wato abin da ke tsaye wuri ɗaya. Mai shagon da ya rubuta "Stationary Store" a allonsa ya yi kuskure a ƙa'idar yau, amma bai yi nisa da tarihi ba.

Sai kuma rabuwar Ingila da Amurka. Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, Noah Webster ya fitar da nasa na Amurka a 1828 da sauye-sauyen rubutu. A tsarin Ingila, wanda makarantun Najeriya suka gada, "practice" da "licence" sunaye ne, "practise" da "license" aikatau. A Amurka babu wannan rabon. Wayoyi da yawa kuwa da Turancin Amurka suke zuwa, sai ɗalibi ya rubuta daidai yadda aka koya masa, waya ta "gyara" masa.

Inda abin ya wuce dariya

Ana iya yin raha da mai rubuta "Rest in piece" a ƙarƙashin hoton mamaci, ko mai kiran a yi "seize fire" a Facebook, inda ya nemi a ƙwace wuta maimakon "ceasefire", wato tsagaita ta. Amma akwai wuraren da kuɗi da 'yanci da rai ke ciki.

"Fifteen" da "fifty", ko "thirteen" da "thirty", bambancinsu a ƙarshen kalma yake da kuma inda aka danna murya, abin da layin waya mara kyau ke haɗiyewa. Tsakanin Naira 15,000 da Naira 50,000 akwai rigimar da za ta iya kai mutum biyu gaban mai unguwa. 'Yan kasuwa da masu POS da suka ƙware sukan maimaita da "one five" ko "five zero", ko su koma Hausa, inda sha biyar ba ta kama da hamsin ta kowace fuska.

Maganar bashi ta fi wannan sarƙaƙiya. A Hausa tushe ɗaya ne ke ɗaukar ɓangarorin biyu: "ara mini" da "na ara", "ranta mini" da "na ranta". Turanci ya raba su, "lend" na mai bayarwa ne, "borrow" na mai karɓa. Wanda ya ba da rance ya rubuta "I borrowed him N200,000" a takardar shaida, ya rubuta jimlar da lauyan ɗaya ɓangaren zai so ya gani. Haka "employer" da "employee", "lessor" da "lessee", "payer" da "payee": mai "-er" ko "-or" shi ne mai yi, mai "-ee" shi ake yi wa, kuma sa hannu a layin da ba naka ba na iya mayar da mai gida ɗan haya a takarda.

A kotu, "remand" na nufin a tsare wanda ake tuhuma har zuwa zama na gaba, "reprimand" kuwa tsawatarwa ce kawai. Dangin da suka ji ɗaya suka ɗauka ɗayar ce, za su tsaya a bakin ƙofa suna jiran wanda motar gidan gyaran hali ta riga ta ɗauke. "Prosecute" gurfanarwa ce bisa doka, "persecute" gallazawa ce, kuma masu fassara labarai cikin gaggawa sun san yadda ɗaya ke zamewa ta koma ɗayar.

A asibiti, haruffa biyu ne ke raba "hyper" da "hypo", na farko hawa, na biyu sauka. "Hypertension" hawan jini ne, "hypotension" faɗuwarsa. Mai ciwon sukari da ya shiga "hypoglycaemia" sukarinsa ne ya faɗi, abu mai zaƙi yake buƙata cikin gaggawa, akasin mai "hyperglycaemia". Ɗan'uwan da ke karanta katin ta waya ga wani a ƙauye, idan ya haɗiye ƙarshen kalmar, ya juya shawarar gaba ɗaya.

Sunayen magunguna ma haka. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya magunguna masu kama da juna a rubutu ko furuci cikin manyan matsalolin tsaron lafiyar majinyata. "Chlorpromazine" maganin taɓin hankali ne, "chlorpropamide" na ciwon sukari. Saboda irinsu ne aka ɓullo da dabarar rubuta ɓangaren da ya bambanta da manyan baƙaƙe, kamar chlorproMAZINE da chlorproPAMIDE. A inda likita ke rubutu da hannu cikin sauri, yaron kemis ke karantawa, wannan dabara ba ta isowa.

Haddar jerin kalmomi, wadda littattafan shirin jarrabawa suka cika da ita, ba ta cika zama a kai ba. Abin da ya fi tsayawa shi ne kalma a cikin jimlarta, da 'yan dabarun da ɗalibai ke gadar wa juna: "e" ɗin "stationery" na "envelope" ne, "advice" mai "c" suna ce kamar "rice", "advise" mai "s" aikatau ce kamar "rise". Ƙamusoshin Oxford da Cambridge na intanet kyauta ne, kuma kowace kalma na da maɓallin da za a danna a ji furucinta na Ingila da na Amurka, abin da ɗaliban shekarun 1990 ba su samu ba. A saitin madannin waya kuma ana iya sauya harshe zuwa Turancin Birtaniya cikin ƙasa da minti guda, ko da yake ko an sauya, "martial status" za ta wuce ba tare da jan layi ba.