Sheƙin Fentin Mota da Zanen da ke Dusashe Shi: Nazari daga Samaru da Sabon Gari, Zariya

Gabatarwa

Duk wanda ya lura da motocin da ke zirga-zirga a kan hanyar Sakkwato, daga ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru zuwa Kwangila har cikin Sabon Gari, zai ga wani abu a jikin baƙaƙen motoci da masu duhun launi. Idan rana ta haska su, sai wasu siraran zane-zane su bayyana suna kewaye hasken, tamkar saƙar gizo-gizo. Galibin masu motoci kan ɗora laifin a kan tsufa ko rashin ingancin fenti. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa yawancin wannan zane daga hannun mai wanki da mai guga yake fitowa, kuma kawar da shi yana da farashin da ba a biya da kuɗi kaɗai.

Yadda Fentin Mota Yake

A da, fenti ɗaya ne ke ɗauke da launi da sheƙi gaba ɗaya. Irinsa ne a jikin da yawa daga cikin motocin da ma'aikatan gwamnati suka saya bayan ƙarin albashin Udoji a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Irin wannan fenti idan ya dushe, akan goge shi da man guga, launinsa ya kama tsumma, sheƙi ya dawo.

Daga shekarun 1980 masana'antun duniya suka koma wa wani tsari dabam, wanda shi ne a jikin kusan dukkan motocin da ake shigowa da su yanzu, sababbi da 'yan kwatano. A wannan tsari fentin hawa-hawa ne. Akwai shafin farko mai hana tsatsa, sai shimfiɗa mai daidaita jikin ƙarfe, sa'an nan launi, wanda shi kansa ba shi da ƙyalli. A bisansu duka sai a fesa wani fenti marar launi, wanda ido ke ratsawa kamar gilashi. Tun da Bahaushe kan ce ruwa ya yi garau idan ana hangen ƙasansa, a nan za a kira wannan shafi na ƙarshe rufin garau.

Aikinsa biyu ne. Na ɗaya, shi ne ke ba da sheƙi. Na biyu, a cikinsa aka zuba sinadaran da ke tare wani sashe na hasken rana wanda ido ba ya gani, amma yake cin launi yana ruɓar da fenti. Abin lura shi ne kaurinsa. Ana auna shi da maikuron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Dukkan hawan fentin da aka lissafa, idan daga masana'anta motar ta fito, bai cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, kusan kaurin takardar rubutu guda. Rabon rufin garau a ciki kuwa kimanin maikuron 40 zuwa 50 ne, bai kai kaurin gashin kan mutum ba.

Asalin Zanen

Ƙurar hunturu da ke lulluɓe Zariya daga Nuwamba zuwa Maris, mafi yawanta iska ce ke kwaso ta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. A cikinta, da cikin ƙurar jar ƙasar da tayoyi ke tayarwa a layukan Samaru marasa kwalta, akwai ƙananan ƙwayoyin yashi waɗanda suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Muddin ƙurar na kwance a jikin mota, ɓarnarta kaɗan ce. Ɓarna na farawa ne sa'ad da aka ɗora mata tsumma aka ja. A lokacin nan kowace ƙwaya ta zama ɗan ƙaramin ƙusa. Saboda haka al'adar nan ta sa yaro ya karkaɗe mota da busasshen ƙyalle kowace safiya, kafin maigida ya fita ofis, ita ce babbar mai yin zanen. Mai bi mata shi ne wanki da bokiti ɗaya, inda soson da ya wanke taya yake komawa kan rufin mota da yashinsa.

Akwai wani abin mamaki game da siffar zanen. Mutane na zaton hannun mai wanki ne ke juyawa, shi ya sa zanen ya zama da'ira. Hakika yawancin zane-zanen miƙaƙƙu ne, sun watsu ta kowace fuska. Amma daga cikinsu, waɗanda suka gitta wa hasken rana ne kaɗai ke maido shi cikin idon mai kallo, sai su haɗu su yi kama da zobe a kewayen hasken. Shi ya sa idan mutum ya gusa, zoben ma sai ya bi shi. Baƙar mota kuma ba ta fi fara saurin zanuwa ba, ta dai fi ta tona asiri.

Kawar da Zanen

Ba a cike zane, sai dai a aske abin da ke gefensa har su yi daidai. Wannan shi ne ainihin abin da masu fenti da masu guga na garejojin Sabon Gari ke yi da injin juyi da man guga. Man nan yana ɗauke da gari mai kaushi, kamar samfefa mai laushi ƙwarai. Gwani kan fara da mafi laushi a ɗan wuri kaɗan, ba ya ƙara kaushi sai ya ga bukata, sa'an nan ya rufe da mai laushi domin ya share sawun na farko. Guga mai sauƙi kan cinye maikuron biyu zuwa biyar, mai tsanani kuwa ya fi haka. Abin da aka aske ba ya tsirowa.

A nan ne karin maganar nan ta garin gyaran gira a rasa ido take da muhalli. Idan rufin garau ya yi siriri ƙwarai, kāriyarsa ta ragu, sai rana ta samu hanya. Alamar farko ita ce fari-fari a rufin mota da murfin inji, daga nan sai ya soma ɓarewa kamar saɓar maciji. Idan an kai nan babu man da ke magani, sai sabon feshi, wanda kan lashe abin da ma'aikaci ya daɗe yana tarawa, ya kuma rage darajar motar a idon mai saye. Har ila yau, injin da aka bari a wuri ɗaya yakan yi zafi ya ƙone fenti, musamman a kusurwoyi da gefen ƙofa, inda fentin ya fi siranta.

Gwaji biyu za su taimaki mai mota kafin ya ba da aiki. Na farko, ya shafa ɗan man guga da farin ƙyalle a wani lungu. Idan launi ya kama ƙyallen, fentin irin na da ne. Idan bai kama ba, akwai rufin garau. Na biyu, ya ja farcensa a kan zanen. Idan farcen ya sarƙe, zanen ya yi zurfin da guga ba za ta kawar da shi ba sai da ɓarna, gara a sassauta shi a bar shi.

Dole a bambanta guga da shafa kakin mota. Kaki ba ya aske kome, yana ɓoye zane ne na 'yan makonni, yana kuma ƙara kāriya. Don haka mai sayen tsohuwar mota kada ya yanke shawara a inuwa. Ya nemi a wanke ta da sabulu, ya dube ta a tsakiyar rana.

Rigakafi

Hanyoyin kiyayewa ba su da tsada. A fara kwarara ruwa ya tafi da ƙura kafin hannu ya taɓa mota. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso. A wanke daga sama zuwa ƙasa, taya kuma a ware mata nata soso. A yi amfani da tawul mai laushi mai tsabta, a inuwa, da sabulun mota maimakon garin wanki, domin shi yakan wanke kaki. Kashin tsuntsu da ke zuba daga bishiyoyin da ake fakewa a ƙarƙashinsu a jiƙa shi a cire da wuri, don yana cin fenti. A ranar da ruwa ya yi wuya, kamar yadda yakan faru da rani, barin mota da ƙurarta ya fi share ta a bushe.

Kammalawa

A taƙaice, sheƙin mota guzuri ne ƙididdigagge da masana'anta ta ba ta sau ɗaya. Kowace guga cira ce daga cikinsa, babu ƙari. Ma'aikacin da ya koya wa mai wanke masa mota amfani da ruwa kafin tsumma, ya yi wa aljihunsa tanadin da ya fi na neman gwanin guga.