Ciyar da Majiyyaci ta Jijiya da Hatsarin Rashin Duba Jini

Ciyarwa ta jijiya hanya ce da likitoci ke bi idan hanjin majiyyaci ya kasa aiki, kamar wanda taifot ta huda masa hanji aka yi masa tiyata, ko jariri bakwaini da cikinsa bai ƙosa ba. Likita Stanley Dudrick na Jami'ar Pennsylvania a Amurka ne ya nuna a 1968 cewa jariri zai iya girma da wannan ciyarwa kaɗai. Ruwan da ake ɗurawa yana ɗauke da sukari, kitse, gishiri, bitamin da amino asid, wato ƙananan sinadarai iri 20 da jiki ke harhaɗa furotin da su, waɗanda tara daga cikinsu dole sai daga abinci ake samunsu.

Abincin da aka ci da baki yana fara bi ta hanji da hanta, su tace shi su daidaita abin da zai shiga jini, amma wanda aka ɗura ta jijiya kai tsaye yake shiga, saboda haka wani sinadarin yakan taru, wani ya yi ƙaranci. Hantar bakwaini ba ta iya juya amino asid ɗin fenilalanin zuwa na tayirosin yadda ya kamata, shi kuwa tayirosin ba ya narkewa sosai a ruwa balle a zuba da yawa, sai na farkon ya hauhawa, na biyun ya gaza. Mai ciwon hanta amoniya kan taru masa har hankalinsa ya gushe, mai ciwon ƙoda kuma yuriya, dattin da furotin ke bari. Ƙari ma ba kullum yake zama alheri ba, domin wani babban bincike da aka wallafa a 2013 ya gano cewa ƙarin amino asid ɗin gulutamin ya ƙara yawan mace-mace a tsakanin majiyyatan da sassan jikinsu suka fara gazawa.

Shi ya sa ake ƙayyade adadin amino asid bisa nauyin jiki, kusan giram 1 zuwa 1.5 ga kowane kilo a rana ga babba, ana kuma duba jini akai-akai. Ƙarin ruwan gishiri ko na sukari da mutane suka saba nema a kemis ba abinci ba ne, babu furotin a cikinsa ko kaɗan. Ruwan amino asid kuwa, ɗura wa mutum shi a gida da sunan ƙara ƙarfi, ba tare da an gwada hanta da ƙoda ba, ganganci ne. Muddin hanji yana aiki, likitoci sun fi son a ciyar da majiyyaci ta baki ko ta bututun hanci.